Maiƙon Wanke-wanke Ne Ke Toshe Mana Magudanan Ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu gidajen abinci, masu tuyar ƙosai da awara, da iyayenmu mata a gida. Duk lokacin da kwata ta cika, leda da yashi ake ɗora wa laifi. Suna da nasu laifin, amma abin da ke kama su ya riƙe a cikin bututu shi ne maiƙo.

Manja da kitsen shanu suna shiga bututu a narke, kafin su yi nisa sun huce, sai su daskare a jikinsa. Da hunturu abin ya fi sauri. Shinkafa, ɓarɓashin tuwo da ɓawon albasa su riƙa mannewa a kai, yau kaɗan gobe kaɗan, har bututu mai inci huɗu ya koma da ƙyar yatsu biyu ke shiga. In ya daɗe, maiƙon kan haɗu da sinadarin kalsiyam na siminti da na ruwa, ya zama farin dunƙule mai tauri kamar busasshen sabulu, sai da ƙarfe ake farfasa shi. A 2017 an sami irinsa a magudanar ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Whitechapel a Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa kusan tan 130.

Dabarar da aka saba, wato a kwarara tafasasshen ruwa da omo, ba magani ba ce. Narkar da maiƙon kawai take yi, ta tura shi gaba ya daskare inda hannu ba ya kaiwa, sau da yawa a ƙofar maƙwabci. Sodar yin sabulu kuma, in an zuba ta don buɗe toshiya, tana ƙona fata da ido, tana iya mayar da kitsen sabulu mai tauri a cikin bututun. Wanda ruwan wanke-wankensa ke zuba a sokawe ya fi kowa asara, domin maiƙo yana liƙe ƙofofin ƙasar da ke tsotse ruwa. Ramin ya cika, a kira motar kwasa, bayan ɗan lokaci ya sake cika.

Maganin shi ne tarkon maiƙo, ƙaramin akwati tsakanin wurin wanke-wanke da kwata. Kowane magini zai iya yin sa da bulo da siminti. Ga ƙaramin gidan abinci, tsawo ƙafa uku, faɗi ƙafa biyu, zurfi ƙafa biyu ya wadatar, a shafe cikinsa sumul. A raba shi gida biyu da katanga, ɗakin farko ya fi girma, a bar kafa daga can ƙasa-ƙasa don ruwa ya ratsa. Bututun fita ya zauna inci biyu ƙasa da na shiga, a sa masa mahaɗa mai siffar T wadda ƙafarta ta nutse cikin ruwa, ta tsaya kamar inci shida sama da daɓe. A nan yawancin magina ke kuskure. In babu wannan mahaɗa, maiƙon da ke yawo a sama ne zai fara fita, an yi aikin banza ke nan. Aikin akwatin kuwa shi ne ruwa ya rage gudu ya huce, mai ya taso, tarkace ya kwanta, ruwan tsakiya kaɗai ya wuce. Murfi ya rufe sosai saboda wari da kyankyasai, amma mutum ɗaya ya iya ɗaga shi. Kada a kuskura a haɗa bututun ban-ɗaki da shi.

Tarkon da ba a kwashewa gara babu shi. A riƙa zura sanda har ƙasa ana dubawa. Idan kaurin maiƙon sama da laka ta ƙasa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin ruwan, lokaci ya yi, domin daga nan ya daina kamawa. Wurin da ake tuya kullum ya duba duk mako. A yi aikin da sassafe, maiƙon na daskare. A sa safar hannu, a yashe na sama da ludayi ko matsami, a kwashe ruwan da bokiti, a ɗebe lakar, a kankare bango da cikin mahaɗar, sannan a cika da ruwan sanyi har bakin bututun fita. Abin da aka kwashe a gauraya shi da toka ko garin katako, a ɗaure a buhu a kai bola. Kada a juye shi a lambatu da dare.

Wani gargaɗi da ya shafi rai: kada kowa ya shiga ko ya tura kai cikin sokawe don ya buɗe toshiya. Ruɓaɓɓen maiƙo na fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya yanke jiki ya faɗi.

A gida kuwa, a goge tukunya da kasko da tsohuwar takarda ko toka kafin a wanke, a sa rariya a bakin magudana, man da ya ƙone a tara shi a gwangwani.

Ina roƙon duba-gari na ƙananan hukumomi su sa tarkon maiƙo cikin abubuwan da suke dubawa a gidajen abinci da mayanka, kuma su buɗe murfin su gani da idonsu ko ana kwashewa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wani mai aikin famfo, Kano.