Tsofaffin faifan jaz na Amurka: laifin na'ura ne, ba na makaɗa ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka don in gyara wata fahimta. Matasa da yawa da ke cin karo da kiɗan jaz na farko a intanet sukan ce kamar a cikin gwangwani aka yi shi, babu ganga, babu nauyi, sai tsuwa. Kunnensu bai yi ƙarya ba, amma ba haka makaɗan suke kiɗa a gidajen rawa ba.

Faifan jaz na farko da ya shiga kasuwa kamfanin Victor ne ya ɗauke shi a Niyok ranar 26 ga Fabrairu, 1917, na ƙungiyar Original Dixieland Jass Band. Daga lokacin har zuwa 1925 babu makirufo a ɗakin ɗaukar sauti. Abin da ake da shi wani ƙaton mazurari ne, makaɗa su tsaya a gaban bakinsa. A ƙarshen wutsiyarsa akwai siririn tantani, galibi na gilashi, da allura a jikinsa. Iskar sautin ce kaɗai ke girgiza tantanin, allurar kuma ta zana layi a kan faifan kaki mai juyawa. Iya ƙarfin busarka, iya abin da zai shiga.

Wannan na'ura tana jin tsakiyar sauti ne kawai, na ƙasa mai nauyi da na sama mai kaifi duk zubewa suke yi. Shi ya sa ƙaton gogen nan mai tsayuwa ba ya fitowa, sai a sa babban ƙahon busa a madadinsa. Jita ma ba ta da muryar da za ta ratsa, banjo ake ɗauka. Babbar ganga kuwa tsoronta ake yi, domin duka ɗaya mai ƙarfi kan sa allura ta tsallake layi, kakin ya lalace. Sai makaɗin ya koma ƙwanƙwasa ɗan katako da ƙararrawa. Wanda ya saurari abin da mai busa ƙaho King Oliver da mutanensa suka ɗauka a kamfanin Gennett, a garin Richmond na jihar Indiana, cikin Afrilun 1923, zai ji Baby Dodds yana wannan ƙas-ƙas ɗin, alhali gwanin ganga ne na gaske. Ɗakin ma kusa da layin dogo yake, in jirgi ya taho dole a dakata ya wuce.

Daidaita sauti kuma da ƙafa ake yinsa. Mai ƙaramar murya a matso da shi bakin mazurari, mai ƙarfin busa a tura shi baya, wanda zai yi busa shi kaɗai ya tako gaba, ya gama ya ja da baya. A wancan zama na King Oliver ne aka fara ɗaukar busar Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho. Ga zafi, don ana ɗumama kakin ya yi laushi. In aka yi kuskure babu gyara, sai sabon kaki. In ma aka juya kakin don a saurara, allura ta ɓata shi ke nan, ba zai yi uwar faifai da ake buga na sayarwa daga ita ba.

Sai batun lokaci. Faifai mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, kusan minti 3 yake ɗauka a kowace fuska. Kiɗan da za a ja shi a dandalin rawa sai a datse shi ya shiga wannan ma'auni, mai busa ya faɗi abin da ke bakinsa cikin daƙiƙu kaɗan. A ganina wannan matsin ya taimaka, domin babu wurin surutu.

A 1925 kamfanonin Victor da Columbia suka rungumi tsarin lantarki mai makirufo na kamfanin Western Electric. Mai shakka ya kwatanta Armstrong na 1923 da na 1928, zai ji fiyano ya cika, numfashin ƙaho ya fito sarai.

Ga masu riƙe da irin waɗannan faya-fayai kuma, kada a ɗora musu allurar faifan zamani. Layinsu ya fi faɗi kusan ninki huɗu, siririyar allura sai ta nutse ƙasan layin ta kwaso hayaniya. Mai garmaho ya canja allurar ƙarfe bayan kowace fuska, in ba haka ba ta dakushe ta cinye faifan. Kada a goge shi da sinadari mai barasa, narkar da ƙaron da aka yi shi da shi yake yi. Gudun ma a lura, don kafin 1925 ba kowane kamfani ke bin 78 daidai ba. In ka ji muryar mawaƙiya ta tsuke fiye da kima, rage gudun kaɗan.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku