Ya Kamata Gwamnati Ta Ɗauki Nauyin Karatun Masu Sa Ido Kan Magunguna

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi kira ga gwamnati ta riƙa ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku a fannin bibiyar illolin magunguna da dokokin kula da su. Kafin a ba magani izinin shiga kasuwa, mutane ƙalilan ake gwada shi a kansu, saboda haka wasu illolin ba sa bayyana sai jama'a da yawa sun sha shi. Haka ta faru da thalidomide, wani magani da mata masu ciki suka riƙa sha, wanda aka janye a 1961 bayan an haifi dubban jarirai da nakasa, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin tattara rahotannin illolin magunguna a 1968.

Tantance waɗannan rahotanni aikin ƙwararru ne, kuma a ganina bai dace kamfanonin magunguna su biya kuɗin horar da waɗanda gobe za su binciki kayansu ba. Sai dai a gindaya sharaɗi cewa duk wanda gwamnati ta karantar zai yi wa hukumar kula da magunguna aiki na wasu shekaru, domin kamfanonin sun fi ta biyan albashi mai tsoka.

Naka,
Wani mai karatu