Kafin mu ɗora wa na'ura laifi, a duba bayanin da muka rubuta mata

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya ƙoƙari.

Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, kwamfuta na karanta a Ngaundare, yanzu ina zama a rumfar kawuna da yake sayo albasa daga wajen Marwa yana turawa kudu. Abinda yasa na rubuto muku shine samarinmu sun cika kasuwa da tallan cewa zasu saka wa ƴan kasuwa AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, a waya ya dinga riƙe musu lissafi, nima ina cikinsu, toh amma akwai wani waje da muke yin sakaci wanda ya kamata masu karanta jaridarku su sani tun kafin su miƙa littafin bashinsu.

Shi wannan AI ɗin da ake cewa yana aiki da kansa, ɗan aike ne kawai. Kai mai haɗa manhaja kai kake tanadar masa kayan aiki, wannan na rubuta kuɗin da aka biya, wancan na rubuta bashi, wani na duba buhu nawa ya rage a sito, kuma shi baya ganin abinda ke cikinsu sam, abu uku kawai ake nuna masa, sunan kayan aikin, da ƴan layukan bayani da ka rubuta, da guraben da zai cike. Da su yake yanke shawarar wanne zai ɗauka da me zai zuba a ciki. Ko tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, da kamfanin AI na Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, wanda kamfanin OpenAI ma suka karɓa a 2025, akan haka yake tafiya.

Ni da na haɗa wa kawu nasa, layi ɗaya tak na rubuta da Faransanci, cewa wannan yana rubuta kuɗin da aka biya, a saka suna da adadi. Ban faɗi wane kuɗi ba. Rannan kawu ya tura saƙo cewa yaron rumfa ya bawa ɗan dako dala ɗari, kowa a nan yasan dala sefa 5 ce, dala ɗari kenan sefa 500, jaka kuma 1000, amma na'ura ta ɗauka dalar Amurka ake nufi ta juya ta zuwa sefa ta rubuta sama da dubu hamsin. Da magariba kawu ya saka tabarau ya ajiye kayensa, wato littafin lissafinsa, a gwiwa da jan bik a hannu, ya ƙirga kuɗin aljihu har sau uku, sai naga ya ɗago ya kalli yaron nan, yaron da ya shekara shida yana masa ɗawainiya ba'a taɓa kama shi da ko dala ɗaya ba. Bai ce masa komai ba amma yaron ya gane, ya sunkuyar da kai. Wallahi har yau abin yana damuna, don da na buɗe na duba abinda ya gudana sai na tarar kuskuren daga layin nan nawa ya fito, na je na bawa yaron haƙuri a gaban kawu.

Kuma ba mu kaɗai irin wannan ke samu ba, a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbon da ta tura duniyar Mars saboda ɓangare ɗaya yayi lissafi da ma'aunin da Amurkawa suka saba, ɗayan kuma da ma'aunin mita.

Daga ranar na canza yadda nake auna bayani. Kafin na bawa na'ura sai na kwafe shi a takarda na miƙa wa wani abokina da bai taɓa zama a rumfar ba, na karanta masa saƙon kawu nace wanne kayan aiki zaka ɗauka, me zaka rubuta. Duk inda ya tsaya yace min me kake nufi anan, toh nan ne ramin, shi mutum ya tsaya ya tambaya, ita na'ura kuwa sau da yawa cankar abinda yafi kama da daidai take yi ta wuce. Yanzu bayanin yace adadi da sefa ne, lamba zalla, dala sefa 5, jaka 1000, kar a taɓa juya kuɗi zuwa na waje, in an kawo kaya ba'a biya ba wannan aikin na bashi ne ba nan ba, in adadin bai fito fili ba a tambayi mai rumfa tukuna. Sai na tattara tsofaffin saƙonnin kawu na gaske, da Hausarsa mai gauraye da Fillanci da ɗan Faransanci, duk sanda na taɓa ko kalma ɗaya a bayanin sai na sake gwada su gaba ɗaya ina bin abinda ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya. A nan na gano tana rikita biya da kafin alƙalami, dole na raba su na saka misali a kowanne.

Roƙona gareku Edita, ku ware shafi ku wayar da kan ƴan kasuwanmu daga Garwa har Kusiri da Injamena, duk saurayin da ya kawo musu irin wannan manhaja suce ya zauna ya karanta musu bayanin da ya rubuta wa na'urar, da Hausa ko Fillanci, su ji ko ya ambaci dala da jaka da buhu, su kuma gwada ta da maganarsu ta kasuwa na sati biyu ko uku kaye yana gefe kafin su yarda da lissafinta akan wani bawan Allah.

Nagode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai karanta ku daga Garwa, Kamaru.