Barka da Sallah, kuma kada a ba 'yan gwangwan rediyon Baba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi miki barka da Sallah, ke da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta, da duk wanda ke cikin gida. Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Mu nan lafiya ƙalau muke, sai kewa. Uwar yara tana gaishe ki sosai, jikokinki ma haka.

Na san za ki ce me kuma ya kawo wasiƙa bayan mun yi magana da safe. To, wayar ce ta yi ta yankewa, ga hayaniya, kowa yana tura kai a gan shi a bidiyo, abin da ke raina bai samu fili ba. Auta, kai za ka karanta mata. Ka karanta a hankali, kuma kada ka tsallake inda aka taɓa ka.

Da kai ma zan fara. Ana cikin gaisawa na ji ka ce bayan Sallah za a share ɗakin ajiya, a kira 'yan gwangwan su auna tarkacen da ke ciki. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Ban tanka ba don kada in ɓata wa mutane ranar farin ciki, amma tun daga lokacin nake zaune ina ƙirga abin da ke cikin ɗakin nan da ka, ɗaya bayan ɗaya. Ba laifinka ba ne. Kai ka tashi ka tarar da su a mace, mu kuwa mun san su da ransu.

Rediyon Baba yana ciki, National ɗin nan mai rigar fata, mai cin manyan batura huɗu. Inna, kin tuna yadda yake zama da shi bayan sallar asuba, ya jingina shi da gwiwa, yana murɗa shi kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro? Shuuu, sai kiɗan wata ƙasa, sai wani harshe da ba wanda ya sani, sai shuuu kuma, can sai muryar London ta fito tar. A lokacin ko tari ba a yi. Yakan ce tun yana saurayi yake jin su, kuma gaskiyarsa, domin tun 1957 BBC take magana da Hausa. Jamus ta biyo baya a 1963, Amurka kuma sai 1979, shi ya sa har ya rasu yake kiran su “yaran jiya”. Da rana yana neman tasha wajen mita 19, da dare ya koma 41 ko 49. Sai da na girma na karanta dalilin: gajeren zango yana tashi ne ya bugi wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, shi kuma sashen halinsa da rana dabam ne, da dare dabam. Baba bai taɓa jin wannan bayani ba, amma bai taɓa kuskure tasha ba. Idan batir ya yi sanyi kuwa, aikinmu ne mu jera su a rana a kan katanga, da yamma a mayar, su ƙara ja mana kwana ɗaya ko biyu.

Tunda yau ranar yafiya ce, bari in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Yaya, eriyar nan da ta karye a 1986, wadda aka zane ka a kanta har Gwaggo ta shigo ceto, ni na karya ta. Takobi na yi da ita. Ka yafe ni. Wayar keke da mai gyara ya liƙa da dalma a madadinta tana nan jiki har yau, in dai ba a taɓa ba.

Fitilar ƙwai ma tana ciki, ko da yake na san ƙwan ya daɗe da fashewa. Ita ce aikina na kowace yamma: in cire ƙwan, in goge baƙin hayaƙi da tsumma, in datse lagwani, in zuba kananzir ba tare da na zubar ba. Kullum kina cewa kada in ɗaga lagwani da yawa, haske ba ya ƙaruwa sai dai hayaƙi. A gindinta mu huɗu muka yi karatu, kawuna a haɗe, ana faɗan wa ya tare wa wani haske. Nan ƙasar ina ganin irinta sabuwa fil, an rataye a lambu don ado, mutane suna zaune ƙarƙashinta alhali ga wutar lantarki a bayansu. Dutsen guga mai zakara a ka ba zan daɗe a kansa ba, domin ni da shi ba mu rabu da daɗi ba. Garwashi ɗaya ya faɗo ta ƙofar iska ya huda mini rigar makaranta a kafaɗa, na yi zango guda ina tafiya a karkace.

Sai keken Baba. Abin da ban taɓa gaya miki ba, Inna, shi ne garin nan da Allah ya ajiye ni, Nottingham, nan ne gidan Raleigh. Rali dai da kika sani, mai kan zalɓe a goshi, wanda Baba yake gogewa duk Juma'a yana ɗiga wa sarƙa mai. Da na zo sabo na ce sai na ga inda aka ƙera shi. Aka ce ai na makara, tun 2002 aka daina haɗa keke a nan, kuma jami'a ta yi gini a wani ɓangare na filin masana'antar. Na je na tsaya a bakin titi ina kallon ɗalibai suna wucewa, ni kuwa ƙararrawar Baba nake ji, wadda yake kaɗawa sau biyu tun daga kwana don mu fito mu karɓi kaya. Wani dattijo da muke aiki tare ya ce mahaifinsa a can ya yi aiki har ya yi ritaya. Na ce masa watakila hannun babanka ne ya ɗaure wa babana birki. Muka yi dariya, shi ya ce ba ya da ko ɗaya a gida, ni na ce namu yana nan.

Don haka kada ku sa in zama maƙaryaci.

Keken ɗinkinki kuwa ba sai na roƙa ba, na san ba za ki bari a taɓa shi ba. Butterfly ne na Shanghai, amma duk unguwa Singa ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane keken ɗinki. A irin daren jiya ba ya hutawa. Muna kwance muna jin ƙafarki a kan feda, ta tsaya, almakashi ya yi magana, ta ci gaba, har barci ya ɗauke mu, da safe kowa ya tarar da nasa a ninke. Ɗan aljihun nan na gefe mai cike da maɓallai da kwarkwaro da alli, shi ne bankina na farko, a nan nake ɓoye abin da ba na so Yaya ya gani. A ɗiga masa mai, a rufe shi da zane, ko da ba za a ƙara ɗinki da shi ba.

Ba cewa nake da can ya fi yanzu ba. Na tuna idanunki sun yi ja saboda hayaƙi, na tuna ranar da risho ya kama da wuta ya lashe labule, kuma ba na fatan ki koma ɗinki a gindin fitila. Hasken sola ya fi, waya ta fi jiran wasiƙa wata guda. Abin da kawai nake gani shi ne, kayan da can kowanne yana da likitansa. Rediyo yana da mai gyara, keke yana da mai faci, kwano in ya huje akwai mai liƙi. Nan kuwa butar lantarki ta mutu mini, na ɗauka ina neman mai gyara, maƙwabcina yana kallona kamar na zare. Wayoyin da na canza tun zuwana ban san adadinsu ba, kuma ba wadda zan gane in na gan ta a hannun wani.

Yanzu ga babban abin da ya sa na zauna rubutu. A cikin akwatin ƙarfen Baba, ƙarƙashin takardunsa, akwai kaset guda ɗaya, C60, an rubuta 1988 a jikinsa da jan biro. Shekarar da Kawu ya zo da rakoda ce, ya tara mu a tsakar gida kowa ya yi magana. Akwai muryar Baba yana yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu. Akwai Kaka tana tambaya ko mutumin da ke cikin akwatin yana jin ta. Akwai ke, Inna, kina cewa a bar ki ke ba ki da abin faɗa, sannan kika yi magana ta fi ta kowa tsawo. Minti 30 ne kowane gefe, kuma iyakar sanina ba mu da muryar Baba ko ta Kaka a wani wuri in ba nan ba. Kwanaki muka ga tarin kaset a kasuwar tsofaffin kaya, babbar jikarki ta ɗauki ɗaya tana juya shi, ta tambaye ni ta ina ake cajinsa. Na ce mata tun 1963 kamfanin Philips ya fito da shi, ya girme ni ma, kuma akwai wani a gida da kakanta yake ciki. Tun ranar take tambaya yaushe za ta ji shi.

Auta, ka saurara da kyau. Kada ka sa shi a tsohuwar rakoda don ka gwada, robobinta sun mutu, za ta cinye zaren. Kada ka bar shi a rana ko kusa da sifika, zafi yana lalata zaren, maganaɗisu kuma yana goge murya. Ka duba samansa, akwai 'yan haƙora biyu na roba, in suna nan ka ɓalle su don kada wani ya ɗauki abu a kai. In zaren ya saki, ka sa biro a ramin ka juya a hankali, Yaya zai nuna maka, shi gwani ne. Sai ka naɗe shi a leda mai tsabta ka ba Inna ta ajiye. Duk wanda zai taho nan a ba shi, ya sa a jakar hannu, akwai masu juyar da shi zuwa kwamfuta, in an gama kowa zan tura masa a waya. Rediyon kuma ka buɗe bayansa, in akwai tsohon batir a ciki ka cire, ruwansa yana cin ƙarfe.

Sauran kaya, risho da fasasshen filas da kwanukan samira da suka huje, duk abin da Inna ta ce a fitar a fitar, kuɗin gwangwan ɗin ma naka ne, goron Sallarka ke nan.

Inna, ki ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Gwaggo, a ce mata na ji ƙorafinta kuma zan kira ta ita kaɗai ranar Lahadi. A gaida Kawu in an je, a tambaye shi ko ya tuna wa ya yi atishawa a tsakiyar addu'ar Baba, domin ni da Yaya har yau ba mu daidaita a kai ba.

Wassalam,
Ɗanki na Ingila