Yaron nan mai kan askirim ya samu shiga

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya iyali, ya aiki? Shirun ya yi yawa, kuma na san halinka, in ban rubuto ba sai shekara ta zagayo ba a ji ɗuriyarka ba.

Albishirinka! Masu buga littattafai sun karɓi zanen. Littafin yara za a yi, labari cikin zane, kuma sun ce in ya karɓu za a mayar da shi katun. Jarumin kuwa shi ne yaron nan mai kan askirim, wanda ka ce hantsi ɗaya zai gama da shi. To ga shi ya samu aiki, kai har yanzu ba ka dawo min da littattafaina ba.

Sai dai akwai abin da ya hana ni barci. Editan yana so a cire narkewar, wai yara za su tsorata in suka ga jarumi yana ɗiga. Ni kuwa narkewar ita ce labarin gaba ɗaya: duk sanda ya tsaya cikin rana don ya taimaki wani, sai ya ragu. Na kawo masa misalin Anpanman, wanda Takashi Yanase na Japan ya fitar a littafin yara a 1973. Kansa burodi ne da aka cusa wa wake mai zaƙi. In ya tarar da mai jin yunwa, sai ya ba shi wani ɓangare na kansa ya ci, ƙarfinsa ya ragu, har sai mai gashin burodi ya gasa masa sabon kai. Da farko manya sun kushe shi, suna ganin abin ya yi tsanani. Yara kuwa suka rungume shi, aka fara nuna katun ɗinsa a talabijin a 1988, ana yi har yau. Yanase ya sha yunwa yana soja a yaƙin duniya na biyu, shi ya sa a wurinsa jarumi shi ne mai ciyarwa. Wallahi ina faɗa wa editan wannan muryata na rawa.

Ya ce ai Popeye, jarumin katun mai cin alayyafon gwangwani, ba ya raguwa. Gaskiya ne, shi alayyafo ƙarfi yake ƙara masa, har garin Crystal City na Texas, inda ake noman alayyafo, ya kafa masa mutum-mutumi a 1937. Amma gwangwani zai jira ka, askirim ba ya jiran kowa. Ka tuna mutumin nan na katun ɗin Lilo & Stitch da askirim ɗinsa ke faɗuwa ƙasa kafin ya lasa? Bai ce uffan ba, amma kowa ya tausaya masa. Haka yarinyar Spirited Away, katun ɗin Miyazaki na Japan, sai da ta kai dunƙulen shinkafa baki sannan kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

Kai da ka fi ni sanin launi, yaya ake nuna sanyi a takarda? Ɗigo da sheƙi na iya su, amma in na sa shuɗi sai abin ya daina ba da sha'awa.

Af, abokin nan namu mai zane ya sayi allon zane na kwamfuta, yanzu ko fensir ya gani sai ya kau da kai. Auta kuma ta zama alƙaliyata, kowane shafi sai ta duba. Jiya ta ce hancin yaron irin naka ne, kuma na ƙi gyarawa.

Ranar Litinin zan koma wurin editan da shafuka biyu, mai narkewa da marar narkewa, a ba yara su zaɓa. Ka taya ni da addu'a. Maman yara na gaishe da mai ɗakinka, ta ce hotunan sunan da aka yi mata alkawari shiru.

Naka,
abokin zanenka