Wasiƙa daga garka, hanyar Jiratawa

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Da fatan kana lahiya kai da iyali, ya Abijan ya kasuwa. Mu nan sai godiyar Allah. Inna na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne. Na ga saƙonka na WhatsApp tun ran Juma'a, to nan garka rezo ba ya kamawa sai na hau tudun bakin rijiya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka da tsawo tunda ka ce in ba ka labarin wurin.

Ka dai tuna gonar Baba yadda take muna yara, fili fetal, in ka tsaya bakin gulbi kana hango mai tahowa tun daga nesa, iska ta taso ta binne shuka sai an sake. Wallahi yanzu in ka zo ba ka gane ta. Shekara 7 ke nan ina sassaben zamani, kututturen da ya yi toho ba na tone shi, sai in zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi in bari in sare sauran, shi ke nan, ba dashe ba ban ruwa. Tun wajen 1984 lokacin yunwa aka fara abin nan a ƙasar Maradi, mu ne dai muka makara. Yanzu ga gawo ga kalgo ga sabara ga aduwa, kuma hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina kore tunda shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Amma abin da ban yi zato ba, itatuwan ba su dawo su kaɗai ba. Bana shamuwa ta yi sheƙa bisa babban gawon nan na kusa da ɗaki, tun kafin ruwan farko suka iso, ranar Inna har hawaye ta yi, ta ce rabonta da ganin shamuwa a gonar nan tun Baba na da rai. Yanzu akwai 'ya'ya cikin sheƙar, kashinsu ya ɓata mana wurin shan inuwa amma ba wanda ya isa ya jefe su. Da asuba fakara ke tada ni, sai kurciya, sai cilakowa. Kaskon da nake zuba wa kaji ruwa kuwa ya zama na kowa, dama an ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to nan har kurege da hawainiya na gani bakinsa.

Ba duka ne daɗi ba fa, bari in gaya maka abin da ya ɓata mini rai satin da ya wuce. Na sa wa wata kaza ƙwan zabi 15, ka san zabuwa ba ta da kirkin kwanci, kaza ta kwanta kwana 28 cur ta ƙyanƙyashe 12, kullum ina bin su da gara da tsakin hatsi kamar 'ya'yana. Shirwa ta sure 2 da rana tsaka ina kallo, na haƙura. Sai daren Talata muzuru ya shiga akurki ta wata 'yar kafa da ban lura da ita ba, da safe na tarar da gashi watse ko'ina, 4 sun tahi, kazar ta ƙi cin komai sai kiran 'ya'ya take. Ranar ko hura ban iya sha ba. Wani maƙwabcinmu ya ce in sa guba cikin nama in ajiye bayan shinge, na ce a'a. Wa ya san wanda zai riga muzurun ci? Ga karenmu Duna yana yawo da dare, ga mussar yara, ga angulu da dama sun yi ƙaranci, yaushe rabon da ka ga angulu cike da mahauta kamar da? Na shiga Maradi na sayo ragar waya na ɗaure akurkin har ƙasa, na toshe kafar da laka, 6 da suka rage suna nan lahiya.

Duna ya girma, kai ka san shi yana ɗan kwikwiyo. Ba ya shiga cikin gida, wurinsa garka, kuma yana aikinsa, tun da ya zo ba a sake satar mini tiyon motopompi ba. Wani dare ya yi ta haushi wuri ɗaya har na fito da cocila da sanda ina tsammanin ɓarawo ne, ashe bushiya ce ta dunƙule gindin tarin kara, ya kai hanci ta soke shi. Da gari ya waye yara suka gano tana da 'ya'ya 4 ƙarƙashin karan, babban yarona har ya fara neman wuta wai za su gasa. Na hana. Na zaunar da su na ce wagga ita ke cinye muku ƙwari da kunama da dare kuna barci. Yanzu auta ce ke gadinta, kowace safiya sai ta je ta leƙa ta dawo da rahoto. Maciji kam ban yi masa wannan alfarmar, kububuwa 2 na kashe bana kusa da randa, kuma na kafa doka ba mai fita da dare ba takalmi ba fitila.

Garka kuwa yanzu zogale ne ke riƙe da gida, mata na zuwa daga gari su yanka su cika buhu. Shu da salati da tumatir sai ɗari ya shigo. Jemagu sun sha rabonsu na mangwaro, mu ma mun sha. Jar akuyar nan da ka taimaka mini na saya ta sake haihuwa, tagwaye, duka mata, jajaye sumul irin na Maradi na asali. Ɗaya taka ce, kada ka ce komai, na riga na gaya wa Inna.

Gulbi ya kawo ruwa sau 2, har ya taɓa gefen fadama ya koma. In Allah ya kai mu kaka ka yi ƙoƙari ka zo ko na kwana 10 ne, ka zo da yaranka su ga zomo da idonsu ba cikin salula ba, mu tahi Madarunfa mu ci kifi bakin tafki. Nawa kuma sun dame ni da maganar raƙuman dawa 8 da aka kai gandun dajin Gadabeji a 2018, malaminsu na lakwal ya ba su labari, na ce su bari sai baffansu ya zo. In za ka taho ka riƙo mini fitila mai sola irin mai haske da nisa, ta nan ba ta jimawa. Ka gaida madam da yara, ka gaida duk 'yan gida da ke can.

Naka,
abokinka na ƙuruciya