Ina makaɗan Argungu a cikin shirinku?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan yawon buɗe ido, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kun ba masu otal dama, kun ba jami'ai dama, kowa sai yabon kuɗin da baƙi ke kawowa bikin kamun kifi na Argungu yake yi. Makaɗi ko ɗaya ba ku kira ba. Haba Malam Edita!

Kawuna makaɗin masunta ne, a gidansu ya gaji sana'ar. Tun muna yara muke ganinsa cikin kwalekwale a kogin Matan Fada, yana kiɗa masunta na dannawa ruwa da homa da gora. Kowane gidan masunta da takensa. Idan ya buga wa mutum taken kakansa, sai ka ga tsigar jikinsa ta tashi, ya nutse kamar ba zai fito ba. Wannan shi ne bikin, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka shirya masa shi.

Yanzu fa? A tara makaɗan tun hantsi a gaban rumfar manyan baƙi, su cikin rana, baƙi cikin inuwa. A sa musu riguna iri ɗaya don hoto ya yi kyau. Da kawu ya fara kirari sai wani mai riƙe da takarda ya ɗaga masa hannu, wai ya taƙaita, baƙi ba sa jin abin da yake faɗa. To wa ya ce don su ake yi? Da yamma abin da aka damƙa masa bai kai kuɗin sake fatar ganga ba. Wanda ya kama giwan ruwa a ba shi mota, wanda ya zuga shi ya koma gida a ƙasa.

Kun yi ta nanata cewa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016. Mun ji, mun gode. Amma 'ya'yan kawu duk sun ajiye ganga sun kama acaɓa, kuma ban ga laifinsu ba. Ku zo Argungu ku zauna da waɗannan dattawa tun suna raye, ku ji daga bakinsu.

Sannan don Allah ku duba lokacin da kuka mayar da shirin noma. Daidai kiran sallar Magariba kuke sa shi, mu manoma ba ma samunsa.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Argungu, Jihar Kebbi.